Wayar da Umma Ta Ɓoye

"Ba zan ba shi ke ba! Mai ƙafa ɗaya, ina zai kai ki?"

Baba ya dire kofin shayi da ƙarfi, har ya fantsama a kan tebur. Auta ta sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a cinyarta. Baban nan da bakinsa ya yi wa saurayinta Direba alƙawarinta, kafin hatsarin da ya cinye masa ƙafar hagu ya raba shi da sitiyari.

"Baba, ƙafa ya rasa, ai kansa na nan."

"To ya ciyar da ke da kan! In na gan shi da aikin yi, mu yi magana."

Ita kuwa Auta aikinta ke nan a cibiyar koyar da sana'a: ta zaunar da ɗalibai da masu buƙata ta musamman, ta tono abin da suka iya. Ba ta taɓa tambayar mutum me yake so ya zama. Tambayarta ɗaya ce: "Me mutane suka fi damun ka da shi?" Ga shi ta gyara na wasu, nata ya gagara.

Washegari ta tarar da Direba kwance yana kallon rufin ɗaki. Mahaifiyarsa na yi masa fifita kamar jinjiri.

"Umma, kwana nawa ina kiran sa a kashe. Lafiya?"

"Ni na ɓoye wayar! Abokan tuƙinsa ba su da imani. Wannan ya kira, ina ake bi a kauce wa cunkoso? Wancan ya kira, ya ɓata a bayan kasuwa. Yaro na jinya, sun mai da shi taswira!"

Auta ta miƙe zumbur. "Taswira? Umma, sake faɗa!"

"Ke lafiyarki?"

Ta juya wajen Direba. "Malam, tashi! Kamfanin kai kaya na neman wanda zai zauna a ofis yana tura masu babura ta waya. Intabiyu kawai za ka je."

"Auta, dariya za su yi mini."

"Su yi! Dariya ta taɓa karya wa wani ɗaya ƙafar?"

Umma ta tare ƙofa tana kuka. "Ba inda zai je! Titi ya ci rabinsa, in miƙa masa sauran?"

Nan Direba ya jawo sandunansa ya miƙe, gumi na keto masa. "Umma, kwanciyar nan ita ke cin sauran. Don Allah ba ni wayata."

Ta daɗe tana kallon sa, sannan ta zaro ta daga ƙarƙashin katifa.

Ya je, aka ɗauke shi aiki. Kafin wata ya zagayo, masu babura sun daina kiran kowa sai shi.

Baba ya ce sai ya gani da idonsa. Ya shiga mota shi kaɗai, don ba ya tambayar hanya, a cewarsa tun kafin a haifi titunan ya san garin. To, an rufe gada ana gyara. Ya yi ta zagaye har rana ta take, sannan ya kira 'yarsa a fusace.

"Wane irin lungu ne kuka kai ofishin nan?"

Auta, da ke ofishin, ta danne dariya ta miƙa wa Direba wayar.

"Baba, barka da rana. Me kake gani a damanka?"

"Wani... wani kantin taya."

"Madalla. Yi baya kaɗan, ka shiga layin da ke kusa da famfo. Yi a hankali, akwai rami a tsakiya."

Sai ga ramin kuwa! Lungu bayan lungu muryar ta jawo shi har bakin ƙofa. Ya shigo ya ga Direba a gaban kwamfuta, wayoyi na ta ringin. Ya tsaya yana sosa ƙeya.

Auta ta ce a hankali, "Baba, ka tambaya ina zai kai ni."

"Rufe mini baki, ja'ira! Wanda ya kawo uban ai ya kai 'yar. Na ba shi!"

Umma da ta ji labari ta riƙa gaya wa maƙwabta ita ta fara gano baiwar ɗanta. Ba wanda ya musa mata.

Iyaye, a ji tsoron Allah! Tausayin da ke kwantar da mutum a ɗaki ya fi hatsari illa. Kafin ku ƙirga abin da ɗanku ya rasa, ku duba abin da mutane ke nema a wurinsa. Auta ta yi haƙuri ta duba, ga ta a ɗakin mijinta.