Sabon Injin Baba da Ɗokin Ganin Mama

A wani ƙauye na bakin kogin Danube akwai wata yarinya. Mota ba ta zuwa ƙauyensu, sai kwalekwale. Mamarta tana asibiti a birnin Tulcea, ta haifi ɗa namiji. Gidan ya yi shiru. Kullum yayyafi, kullum sanyi.

Tsohon injin kwalekwalensu ya mutu, Baba ya sayo sabo.

"Baba, gobe za mu ɗauko Mama?" in ji yarinyar.

"Sai Lahadi, 'yata. Ba a yi wa sabon inji doguwar tafiya. Ƙarafan cikinsa ba su saba da juna ba. Sai ya yi aiki kaɗan-kaɗan, su goge, su zauna daidai."

"Lahadi ta yi nisa!"

"Ni ma ta yi mini nisa," in ji Baba.

Washegari Baba ya tafi gyaran raga. Yarinyar ta zauna tana tunani. Idan aiki injin yake bukata, ai sai a ba shi aikin duka yau, a huta.

Ta kira Costel, ɗan maƙwabtansu.

"Zo ka ja mini igiyar injin nan."

"Babanki ya sani?"

"Kai dai matsoraci ne. Ko hannun ne ba ƙarfi?"

Costel ya ji haushi, ya fizgi igiya. Injin ya tashi. Farfelarsa tana sama, yadda Baba yake ɗage ta in ya ɗaure kwalekwale. Yarinyar ta bar ta haka, don kada jirgin ya tsinke ya tafi. Ta murɗe totur har ƙarshe.

Ba ta san da ruwan kogi injin yake shan sanyi ba, kuma ba ya samun ruwan sai farfela tana cikin kogi.

Ba a jima ba sai warin ƙonanniyar roba ya tashi. Injin ya yi tari, ya yi hayaƙi, ya yi tsit. Costel ya zura da gudu.

Da Baba ya dawo, ya taɓa injin, ya janye hannu. Bai yi faɗa ba. Ya zauna a bakin kogi ya yi tagumi. Yarinyar ta gwammace a ce duka ya yi mata.

"Ni ce, Baba. So na yi Mama ta dawo da wuri."

"Na sani," ya ce. "Je ki kira Kawu Trifan."

Kawu Trifan bakanike ya zo, ya buɗe injin, ya girgiza kai.

"Ke ce direban? Sannu da aiki! Jariri kika sa tsere, kuma kika hana shi ruwa."

"Ya mutu, Kawu?"

"Da sauran numfashi. Amma robar da take jawo ruwa ta ƙone, sai an aiko da wata daga birni."

Lahadi ta zo ta wuce. Mama ta bugo waya.

"Duk matan ɗakinmu sun tafi gida," ta ce a hankali. "Ni kaɗai na rage."

Yarinyar ta miƙa wa Baba wayar, ta shiga ɗaki tana kuka.

Da robar ta iso, Kawu Trifan ya ɗaura. Baba ya ce, "Shigo. Ke za ki riƙe totur."

Suka sauke farfela cikin ruwa. Suka bar injin ya ɗumama. Suka riƙa zagaya bayan ƙauye, wani lokaci a hankali, wani lokaci su ƙara kaɗan, su sake ragewa. Kullum haka, cikin yayyafi. Daga baya Baba ya juye baƙin man injin, ya nuna mata ɓurɓushin ƙarfe yana ƙyalli a ciki.

"Kin gani? Sun goge. Yanzu a zuba sabo."

Ranar tafiya injin ya yi ta gurnani lafiya lau har Tulcea. Mama tana tsaye a ƙofar asibiti, da jariri cikin bargo.

"Ni na sa kika daɗe, Mama."

Mama ta rungume ta. "To, ga shi kin zo. Karɓi ƙanenki, riƙe kansa da kyau."

Tun daga ranar yarinyar ta gane cewa sabon abu lallaɓa shi ake yi. Kuma in babba ya ce a jira, gara a tambayi dalili da a yi gaban kai.