Dawar Gonar Gabas

"Ki kira Tasi'u ki ce kada ya zo yau," Inna ta ce da ni a ƙofar madafa, murya ƙasa-ƙasa.

Tun hantsi Baba ya dawo daga gona, ko ruwa bai sha ba.

Tasi'u shi ne wanda aka sa mana rana bayan kaka. Shi ya haɗa wa ƙungiyar manoman Garo manhajar hayar tarakta. Manomi ya turo saƙo ta waya, manhaja ta karanta, ta tura direba gonarsa.

Kafin ruwan shuka, Tasi'u ya zo zance fuskarsa duk damuwa. Wai kayan aiki biyu ne masu warware saƙo, ya rasa na ɗauka. Ɗaya in ya tarar da abin da bai gane ba, ko magana mai fuska biyu, sai ya tsaya cak har mutum ya duba. Ɗayan kuwa tsallakewa yake yi, ya riƙi abin da ya gane, ya wuce.

Ga shi mutanenmu ba sa saƙo babu gaisuwa. Ya iyali, ya ruwa, ya mai jiki... Mai tsayawar nan ko saƙo ɗaya bai iya ƙarasawa ba.

"Damina ba ta jira, Zinnirata," ya ce.

Ya ɗauki mai tsallakewa. Na sunkuyar da kai ina murza bakin mayafi, raina bai kwanta ba.

Baba ya tura nasa saƙon. A tsakiyar gaisuwa da addu'o'i ya ce a huɗe masa gonaki, amma a bar ta gabas, ya riga ya shuka dawa. Manhaja ta ɗauka duk cikin gaisuwar ne, ta zubar.

Direban taraktar Ya Mahbub ne, ɗan baffana, wanda ya neme ni bara na ƙi. Da idonsa ya ga tsiro shar, ya kife shi kaf. Wai abin da waya ta ce ya yi.

Na kira Tasi'u bai ɗaga ba, ashe yana hanya daga garinsu Gwarzo. Bayan la'asar ya durƙusa a zaure, ni ina laɓe bayan ƙofa. Ya ce laifinsa ne, zai sauya manhajar, zai nemo iri.

"Irin nan mahaifina ya bar min, babu sauransa a rumbu," Baba ya ce a hankali. "Kai da ke zubar da abin da ba ka gane ba, ya za ka yi da 'yata da ba ta iya magana ba?"



Na buɗe baki in ce ina sonsa haka, Baba, ina sonsa... Ko tari bai fito ba.

Washegari aka fito da kayan sa rana tsakar gida. Ya Mahbub ne ya ɗaure su a bayan babur zai mayar Gwarzo. Yana ɗaurewa yana yin fito.