Ruwan Gindin Randa

Ku matso kusa, ku rage murya. Wannan ba tatsuniya ba ce, kada wanda ya yi mini dariya.

Arewa da garin kakanmu akwai hanyar da ake kira Farin Tudu. Tuddan alli ne, ka hau wannan ka gangara, wani ya tare ka. Tsakaninsu kwaruruka ne busassu, ko ɗigon ruwa babu. Duk wanda ya bi ta sai ƙafarsa ta yi fari fat har ƙauri. Tun zamanin da can aka kafa wata randa a kwarin tsakiya. Mai guzurin ruwa ya zuba kaɗan, mai ƙishi ya sha ya rufe. Doka ɗaya ce, ba a taɓa ruwan gindin randa. Wannan na masu wurin ne. Kun san su wa nake nufi, ba sai na kira suna da daren nan ba.

Nomau ɗan ci-rani ne, mutum mai son a gan shi tsaf. Yana can wurin nema saƙo ya same shi cewa matarsa Ige ta sauka, haihuwar fari. Aka ce ya jira abokan tafiya, ya ƙi, wai kada suna ya wuce shi. Ya yanki Farin Tudu shi kaɗai.

Ya kwana a hanya, ya tashi, ya sake kwana. Rana tsaka ya iso randar, ya tarar ruwa ya yi ƙasa. Ya sha har ya hango gindi. Da ya rufe ya wuce, da shi ke nan. Amma akwai sababbin takalman fata a jakarsa, kuma ya matsu ya gan su a ƙafarsa. Ga sauran tafiya a gaba, shi kuwa gogan naku kwalliya ce ta dame shi. Ya girgiɗe randar, ya karkato ta, ya wanke ƙafafu da ɗan abin da ya rage. Wajen mayarwa ta bugi dutse, ta ce ƙas. Bai ko duba ba.

Bai yi nisa ba ya ji kukan jariri a bayansa. Kuka ne busasshe, kamar ana kankare ƙwarya. Kafin ya waiga, ga wata doguwar mace da goyo tana tafiya kafaɗa da kafaɗa da shi. Ba sallama.

"Malam, wa ya taɓa na gindi?"

Ya ce shi ma haka ya tarar.

Ba ta yi musu ba. Ta sunkuyar da kai tana kallon ƙasa, shi ma ya kalla. Ƙafafunta baƙi wuluk, ko ƙurar alli babu, kuma ba sa barin sawu. Ga nasa nan tas cikin sabon takalmi, da sauran danshi tsakanin yatsu.

"Duk tudun nan mu biyu ne ƙafarmu ba fari," in ji ta. "Ni na san dalilin tawa."

Ya ɗauke kai ya ci gaba da tafiya. Ya ƙara sauri, ba ta bar gefensa ba. Suka hau tudu, suka gangara. Kukan yana ta raguwa. Ta tambaye shi ina yake sauri haka, bakinsa ya riga hankalinsa, ya ce haihuwa aka yi masa. Ta yi masa barka, murya a sanyaye. A kwari na gaba kukan ya ɗauke. Ta tsaya, ta kwance goyon, ta shimfiɗe shi a gindin wani dutse, ta ja zane ta rufe masa fuska.

"Je ka," ta ce. "Ka gaida mai jego."

Nan ya ranta a na kare, bai tsaya ba sai gida.

Mace ce aka haifa, aka raɗa mata Hajo. Tun ranar da ya iso yarinya ke kuka a kan nono. Tana tsotso, tana ramewa. Inna Tasalla ungozoma ta tatsi nonon Ige a ƙoƙo, lafiyayye. Ta ɗiga a harshen jaririya, sai ga shi ya zama gari. Ta murza da yatsa, ta shinshina. Alli ne. Aka gwada nonon maƙwabciya, aka gwada na akuya, aka gwada ruwa, duk gari suke zama. Leɓɓan yarinya suka yi fari, kukanta ya fara bushewa. Nomau ya san wannan kukan. Kunya da tsoro suka rufe shi, ya gaya wa Ige komai, ya ɗauki tulu ya fita.

A wata rijiya da ke bakin tudu ya cika tulun, ya kai kwarin tsakiya ya juye a randa. Da ya ɗago, doguwar matar nan tana zaune kusa da shi. Ya zube a ƙasa.

"Baiwar Allah, ni na yi laifi. Ki kama ni, ki bar yarinya."

"Ai kai na kama. Muddin da ruwa a gindin randar nan, 'yarka za ta haɗiya."

Har ya fara godiya, sai ya ga ƙasa na jiƙewa a gefen randar. Tsaga ce, siririya, tana tsiyaya. Ya ce zai kawo sabuwa, ta ce wannan ya fasa, wannan zai cika. Ya ce 'yan'uwansa za su taya shi, ta ce ba su suka wanke ƙafa ba. Ya auna nisan rijiya, ya auna tsiyayar. Kafin ya je ya dawo, saura kaɗan ta ƙafe. Gida kuwa ya fi rijiya nisa.

"Har yaushe?"

Ta juya ta dubi wajen dutsen da ta shimfiɗe ɗanta.

"Sai nawa ya farka."

Hajo ta rayu. Ige ta taɓa kawo masa ita bakin rijiya. Ya ajiye tulu ya karɓe ta, bai gama kallon fuskarta ba ta fara shaƙewa. Ya miƙa wa uwar, ya suri tulu da gudu. Hajo ta yi wayo, ta yi aure, ta haihu, duk a bakin matafiya ya ji.

Don haka kada ɗayanku ya kuskura ya bi Farin Tudu shi kaɗai, ku je da wanda zai riƙe muku hannu in wauta ta motsa. In kuma kun haɗu da wani tsoho da tulu a ka, ku ba shi hanya. Kada ku tsayar da shi ko da gaisuwa, don akwai wata mata a wani gari da maƙogwaronta zai fara bushewa.