Hatimin Ƙungiyar Baƙi

Ƙarfe tara na safiyar Litinin aka kawo wa Sufeto rahoton cewa an sace hatimi. Kofur ya yi dariya, Sufeto kuwa ya ɗauki hularsa.

Ofishin ƙungiyar baƙi ɗaki ɗaya ne a saman shagon wanki da guga. Duk wanda ya yi ƙaura zuwa garin, sai ƙungiyar ta ba shi wasiƙar shaida mai hatimi kafin hukuma ta sabunta masa takardar zama. A kan bencin bakin ƙofa wata ungozoma na zaune da wasiƙarta a cinya. Takardarta ranar za ta ƙare, ofishin shige da fice kuma ƙarfe biyu yake rufewa. Idan ba hatimi, ita da 'ya'yanta biyu sai komawa ƙasarsu.

Jiya aka yi zaɓen shugaban ƙungiyar. Dattijon da ya shekara goma sha takwas yana shugabanci ya sha kaye a hannun wani direban bas. Da safe aka zo miƙa mulki, aka buɗe durowa, wayam.

Sufeto ya duba durowar. Ba a fasa ta ba. Kushin tawadar na nan, ya jiƙe sharkaf, har ya ɓata katakon da shuɗi.

"Makullai nawa ne?"

"Biyu, ranka ya daɗe," in ji Direba. "Ɗaya wurin Baba, ɗaya wurin Sakatare."

Mutanen da ke tsaye a matakala sun riga sun yanke hukunci: tsoho ne ya ƙi sakin kujera. Sufeto ya ja kujera ya zauna kusa da Dattijo, ya bar shi ya yi ta magana. Tsohon ya ce shi bai yi boko ba, Sakatare ke karanta masa wasiƙa ya ce a buga ko kar a buga. Idonsa ya yi rauni, shi ya sa kullum yake tuttula tawada don ya ga abin da ya buga. Ya nuna yatsunsa, duk shuɗi.

"Baba, ka ji zafin faɗuwa?"

"Na ji mana, ɗana. Amma na yi barci har da minshari. Tambayi matata."

Sakatare mutum ne tsaf-tsaf, da biro uku a aljihu. Ya ce rabonsa da durowar tun Juma'a. Ya ƙara da cewa shekara goma sha takwas ba a taɓa ɓatar da ko allura ba, sai yau da aka ɗora direba. Sufeto ya koma gaban durowar. Ya ɗaga kushin tawadar, ya zaro takardar da ke ƙarƙashinsa. Sakamakon zaɓen jiya ne, da rubutun Sakatare.

"Au, na manta. Na buɗe na ajiye wannan kawai."

Sufeto ya tambayi Direba abin da ya yi wa mutane alkawari. Direba ya ce abu ɗaya ne: daga yanzu a bainar jama'a za a riƙa buga hatimi, wanda aka hana kuma a faɗa masa dalili. Akwai mutane da yawa da aka ce musu Baba ya ƙi. Dattijo ya ɗago kai, ya ce shi bai taɓa ƙin kowa ba.

Sufeto ya sauka ƙasa shan ruwa. Mai wanki na ta mita shi kaɗai a kan baho, Sufeto ya jingina da ƙofa yana saurare. Wai mutum da hankalinsa ya kawo farar riga da sassafe, ya ce lallai a fitar da tabon kafin azahar, alhali tawadar hatimi ko an shekara ana cuɗawa ba ta fita.

"Rigar wa ce, maigida?"

"Ta mai biro ukun nan. Wai biro ne ya fashe. Yallaɓai, ka taɓa ganin biro ya fashe ya zana da'ira?"

A cikin aljihun rigar ga da'irar nan shuɗiya, har ana iya karanta rabin sunan ƙungiyar.

Da Sufeto ya shimfiɗa jiƙaƙƙiyar rigar a kan tebur, Sakatare ya daɗe yana kallonta, sannan ya zauna. Ya ce shi ke hana mutanen da ba 'yan yankinsu ba, ya laƙa wa Baba. Ya san ranar da aka fara bugawa a fili asirinsa ya tonu. So yake a ce sabon shugaba bai iya ba, a dawo da tsoho.

"Ina hatimin?"

Ya nuna akwatin zaɓe da ke saman kabad. Ya jefa shi ciki ne don ya san sai bayan shekara uku za a sake buɗewa.

Kofur ya fito da leda zai saka hatimin, tunda ya zama shaida. Sufeto ya dubi agogo, sha biyu da rabi, ya dubi ungozoma. Ya ce a ɗauki hotonsa tukuna, ledar ta jira minti ɗaya.

Dattijo ya karɓi hatimin, ya shafa shi da babban yatsa, ya miƙa wa Direba.

"Ka ga inda na yi tsaga da wuƙa? Nan ne sama. Kar ka buga mata shi a juye."

Direba ya karanta wasiƙar da ƙarfi kowa ya ji, ya danna. Ungozoma ta riƙe ta da hannu biyu tana hura mata iska, ta sauka matakala. Direba ya bi ta da makullin bas, ya ce shi zai kai ta.

Kofur ya tasa ƙeyar Sakatare. Suna wucewa ta gaban shagon, mai wanki ya leƙo ya tambayi Sufeto ko ya ci gaba da cuɗa sauran kayan mutumin.

"Ci gaba," in ji Sufeto. "Wannan ɗayar dai ka bar mana ita yadda take."