Allon Da Ake Juyawa Ran Juma'a

"Wallahi sai dai ku juya ni tare da shi!"

Ummuhani ta kifa tafukanta biyu a kan allon farashin da ke rataye a ƙofar gidan abincin saurayinta Zaharaddini. Mayafinta ya zame, ko ta kansa ba ta bi ba. An idar da salla a Masallacin Koudoukou, jama'a sun fara kwararowa titi, kowa da yunwarsa.

Allon nan fuska biyu gare shi. Gabansa kuɗin kaza da soyayyiyar ayaba ne na kullum. Bayansa kuwa na Juma'a ne da lokacin buɗa-baki. Da an ga layi ya yi tsawo sai a juya shi, kazar da ko fiffike ba ta ƙara ba ta ƙara kuɗi.

Dabarar Ruƙayya ce, 'yar kawun Zaharaddini mai karɓar kuɗi, wadda ta ɗan leƙa Douala ta dawo tana ji kamar ita ta ƙirƙiro kasuwanci. Kuma duk unguwa an san ba aljihun tebur kaɗai take gadi ba, har da mai teburin.

"Pardon, madam," in ji Ruƙayya tana taunar cingam, "nan wurin aiki ne."

"Na ga aikin ai!"

Sai ga Zaharaddini da dardumarsa a kafaɗa. Zuciyar Ummuhani ta buga, don tana son yaron nan son da ita kanta yake ba ta haushi. Amma ba ta ɗaga hannunta ba.

"Hani... sherina, masoyiyata, lafiya?"

"Ina lafiya? Jiya Baba ya ce kada manyanka su zo neman aurena. Ya ce ba zai ba da 'yarsa ga mai tare masallata da tsada ba!"

Fuskarsa ta sauya. "Ki fahimce ni, Hani. Gawayi ya yi tsada, kaji ma..."

"Ran Juma'a kaɗai gawayin yake tsada, Yaya Zahar?"

Wani ɗan acaɓa da ke layi ya kwashe da dariya. "Singila, mun gode, 'yar'uwa! Faɗa masa!"

Ruƙayya ta miƙe, ta riƙe ƙugu.

"Oh, ashe kuna da bakin magana? Wa ya cika shagon atamfar babanki da kwalayen SOLDE, wai an karya farashi? Ku rubuta kuɗin da ba a taɓa sayar da turmi a kansa ba, ku ja masa jan layi, ku sa kuɗinsa na kullum a ƙasa, matan unguwar Yakité su yi ta murna an yi musu ragi. Rubutun ma naki ne, mai kyawun hannu!"



Maganar ta shigi Ummuhani, don gaskiya ce, kuma babu abin da ya kai gaskiya ciwo a bakin wadda ba ka so. Idonta ya kawo ruwa. Ta haɗiye shi.

"Eh, rubutuna ne," ta ce. "Kuma yau zan sauke shi."

Ta juya ga Zaharaddini.

"Ina sonka, ka sani. Amma ba zan zauna da mijin da sai na leƙa bayansa kafin in san kuɗin kaza ba. Ko allon nan ya tsaya, ko ni in tafi."

"In ka biye mata, Babana zai janye jarinsa!" Ruƙayya ta daka tsawa.

Zaharaddini ya dubi layin mutane, ya dubi yarinyar da ke haki a gabansa. Ya tsallaka wurin kafintan da ke maƙwabtaka da su, ya dawo da guduma da ƙusoshi.

"Matsa hannunki, rabin raina, kada in haɗa da ke."

Ya kafe allon a bango, fuskar kullum tana waje.

"Kawu ya janye in ya so," ya ce.

Daga nan Ummuhani shagon mahaifinta ta zarce cikin kasuwa. Ɗaya bayan ɗaya ta ciro kwalayen ragin ƙaryar, ta durƙusa ta ajiye su a gabansa.

"Ke! Kin yi hauka ne?"

"Ka gafarce ni, Baba. Zaharaddini ya kafe nasa allon. Saura namu."

"Ni kike haɗawa da mai kaza?"

"Ban isa ba, Baba. Amma hannuna ba zai sake jan wannan layin ba, ko da za ka hana ni shi har abada."

Ta ɗauki jan alƙalamin ta jefa a jakarta, ta fita.

Alhaji, mahaifin nata, ya ɗauke mata wuta. Ta gaishe shi, ya amsa wa bango. Kawu kuwa ya cika alkawari, ya kwashe jarinsa da 'yarsa. Zaharaddini ya koma shi ke gashi, shi ke miƙo canji, har ya rame. Ta yi kuka ba kaɗan ba, amma ba ta ba kowa haƙuri ba.

Wata Juma'a da la'asar wayarta ta yi ƙara. Zaharaddini ne.

"Hani! Baba ya zo!"

"Wane Baban?"

"Naki! Layi ya yi tsawo, ya zo ya kama allon da hannunsa yana ja, yana ja... ya ga ba ya motsi. Sai ya sayi kaza, ya ce in turo manyana."

Ranar da manyan suka zo, tana laɓe bayan labule. Baffanta, wanda shi ne waliyyi, ya gyara murya zai yanka sadaki yadda aka saba a gidan: a ambaci mai nauyi, a roƙa, sannan a ce an yi muku ragi don zumunci.

Alhaji ya dafa gwiwarsa.

"Yaya, faɗi ɗaya kawai. Kada ka ɗora don ka sauke." Ya ɗan kalli labulen. "Yarinyar tana ji, kuma jan alƙalamin gidan nan yana jakarta."