Zaren Fitila a Kan Dutsen Tagunt

Ranar da Itto ta fara ganin Yidir, hoto ta ɓata masa.

Daren rabon ruwansu ne. A Tagunt kowane gida da sa'arsa, in taka ta faɗo tsakar dare sai ka tashi, ko sha'irinka ya bushe. Da can yayanta Mbarak ne ke zuwa. Tun daren da ƙasa ta girgiza, tsohon gari ya rufta da shi da mutum talatin da ɗaya, fartanyar ta dawo hannunta, domin mahaifinsu Baba Lahsan ya fito daga ƙarƙashin gini da ƙafa ɗaya a gajarce.

Tana tafe a bakin magudana da fitilarta sai ta ji an ce, "Wayyo, baiwar Allah, kin kashe ni!"

Ta ɗaga fartanya. Wani dogon saurayi ne cikin bargo, a gabansa kyamara a kan ƙafafu uku, ta fuskanci dutsen da farin wata ya wanke.

"Mutum ko aljan?"

"Aljan ba ya jin sanyi haka. Minti goma na bar idon kyamarar nan a buɗe tana shan hasken wata, kika zo kika ja mini layi a tsakiya."

Ya juyo mata da hoton. Ga dutsen tas kamar da rana, ga wani farin zare miƙe ya ratsa gonaki.

"Ni ce wannan?"

"Fitilarki ce. Abin da ke tafiya ba haske, ba ya fitowa. Mai haske kuwa sai ya bar sawu."

"To me ya hana ka ɗauka da rana kamar masu hankali?"

Ya ce, "Daga bayan dutsen nan nake. Innata tana ƙarƙashinsa. Tun daren girgizar ban iya barci a ƙarƙashin rufi ba."

Itto ta sauke fartanyar. Ta buɗe ruwanta, ta tsaya tana jin yana shiga gona. Da za ta tafi ta ajiye masa rabin burodinta a kan dutse.

Daga nan duk sanda wata ya cika sai Yidir ya baro aikinsa na ɗaukar hoton biki a birnin Marrakesh, ya kafa tantinsa a gefen kufan tsohon gari, inda ba mai zuwa. Baba Lahsan, da yake shi ne babba a masallaci, shi ya hana. Ya ce wanda ya tafi ya tafi, kuka a kan duwatsu jayayya ce da Ubangiji. Ko matarsa Inna Hadda da ta roƙi ta je sau ɗaya, tsawa ya yi mata a gaban mutane.

Saƙonni suka fara shigowa wayar Itto.

"Mai fitila, wata ya fito, amma hoton ba daɗi. Ba wanda ya zo ya ɓata shi."

Ta rubuta, "Mai ƙafa uku, ka sha shayi ka kwanta. Mutane na barci da dare, ko ba a gaya maka ba?"

"Zan koya. In kin yarda ki koya mini."

Ta daɗe tana kallon wannan. Rabonta da murmushi har ta manta yadda yake jan kumatu.

Bayan girbi Yidir ya turo kawunsa da mazubin sukari, kamar yadda ake yi a Tagunt in za a nemi aure. Baba Lahsan bai taɓa sukarin ba.

"Namijin da ke yawo da dare kamar dila, ya kwanta da rana? Ba gona, ba alfadari? Ɗa ɗaya gare ni, ƙasa ta cinye. Wadda ta rage ba zan ba mai kallon duwatsu ba."

Akwai kuma Hammu, mai shagon shayi a bakin hanya, wanda ya daɗe yana aiko wa Inna Hadda man zaitun, idonsa a kan Itto. Yidir, da zuciya ɗaya, ya wanke wani babban hoton kwarin ya ba shi ya rataya a shago. Daga tsallaken rafi ya ɗauke shi. Ga sabbin gidaje a gangare, ga kufai a sama, ga tantin Yidir ɗan mitsitsi. Sannan ga zaren haske ya fito daga ƙofar gidan Lahsan ya hau har gefen tantin.

Hammu ya kwana biyu yana kallo, ran kasuwa ya fara nuna wa masu shan shayi da cokali.

"Ku duba, jama'a. Ni ban ce komai ba. Na'urar ai ita kaɗai take aikinta, mai ita yana iya barinta ya koma tanti ya karɓi baƙi. Wa ke fita da fitila a gidan Lahsan? Ni dai na san ruwa gangara yake yi, ban san yana hawa kufai ba."

Kafin la'asar maganar ta kai bakin rafi. Matan da ke wanki suka ja kwandunansu gefe da Itto ta iso. Inna Hadda ta shiga ɗaki ta juya fuska ga bango. Baba Lahsan kuwa ya je shagon, ya tsaya gaban hoton, ya dawo gida bai ce uffan ba. Shirun nan ya fi yi wa Itto ciwo.

Ta rubuta wa Yidir, "Ka san ba ni ba ce. Kana can. Wa ka gani?"

"Na gani. Ba zan faɗa ba."

"Sunana ne ake ja a ƙasa, Yidir."

"Na sani, hasken idona, kuma laifina ne da ban lura da zaren ba. Gobe zan tsaya a shagon in rantse ba ke ba ce. Amma wancan sirrin ba nawa ba ne."

"Rantsuwarka wa za ta gamsar? Kada ka ƙara rubuto mini."

Bai ƙara ba, sai hoton kawai da ya turo, ba kalma ko ɗaya.

Kwana uku ba ta buɗe shi ba. A na huɗu ta ja shi da yatsu biyu ya girma. Ta tuna nata zaren na daren farko, miƙe kamar an ja da igiya. Wannan ba haka yake ba. Yana hawa yana faɗuwa, yana hawa yana faɗuwa, kamar haƙoran zarto, tun daga ƙofarsu har sama. Ta san tafiyar nan. Kullum tana jin ta a tsakar gida.

A daren ba ta yi barci ba. Da ƙofa ta yi ƙara, ta bi fitilar daga nesa, ita ba haske. Baba Lahsan ya hau da ƙyar, ya wuce tantin da Yidir bai naɗe ba, ya zauna a kan tulin duwatsun da a da ɗakin Mbarak ne. Ya ɗora tafin hannunsa a kai.

"Mbarak, ni ne. An yi sanyi yau. Akuyarka ta haifi biyu." Ya shafa dutsen. "Ni na ce ka kwana a ɗakin nan, ɗana. Ni na ce."

Itto ta zo ta durƙusa a gefensa. Bai firgita ba. Ta cire mayafin kafaɗarta ta rufa masa.

"Tun yaushe, Baba?"

"Tun daren farko da na iya taka ƙafar nan." Ya share fuska da hannun riga. "Na hana uwarki. Na hana kowa. Da wane ido zan ce ni ne?" Ya kalli tantin. "Yaron can yana ganina duk zuwansa. Shayi yake ajiye mini a kan dutsen nan ya koma ciki, bai taɓa ce mini komai ba."

"Ni ma ba zan faɗa ba, Baba."

Sai a nan ya yi kukan sosai.

Ran Juma'a a masallaci, bayan an sallame salla, Baba Lahsan ya miƙe da sandarsa kafin kowa ya fita.

"Fitilar da ke hoton Hammu tawa ce. Wurin ɗana nake zuwa. Na hana ku abin da ni na kasa bari, na kuma bar ku kuka ci naman 'yata ina ji. Ku yafe mini. Hammu, kai kuma ka sauke hoton nan ka kai gidana, na surukina ne."

Ba wanda ya yi dariya. Wani tsoho a sahun baya ya ce a hankali, "Ni da asuba nake zuwa, Lahsan."

Da yamma Itto ta tura saƙo. "Mai ƙafa uku, ka ce wa kawunka ya dawo da sukarin."

Amsar ta zo nan take. "Yana hanya. Ni kuma na fara gwada kwana a ɗaki. Na kai awa biyu."

Bayan an kaɗe zaitun daga bishiyoyi aka ɗaura aure. An sa lalle, an ba su madara da dabino, amma ba a buga ganga da ƙarfi ba, kowane gida akwai wanda babu. A daren, kafin a kai amarya, Inna Hadda ta ɗauki fitila ta nufi kufai ba ta tambayi kowa ba. Baba Lahsan ya bi ta da tasa. Sai maƙwabta, gida bayan gida.

Yidir ya kafa kyamara a tsallaken rafi, ya buɗe idonta, ya dawo ya kama hannun Itto suka hau tare da fitila ɗaya.

Hoton yana ɗakinsu har yau, ƙarƙashin rufin da yake kwana a ciki zuwa asuba. Zare ne da yawa sun hau dutsen, ɗaya yana ɗingishi a tsakiyarsu. Allah Ya ba su zaman lafiya da zuri'a mai albarka, Ya jiƙan waɗanda ke ƙarƙashin duwatsun.