Ƙofar da Ke Son Murmushi

A wani gari, an yi wani gwani da ya kafa na'ura a ƙofar asibitin mata, don ta riƙa gane mata tana buɗe musu. Da hotunan biki ya koyar da ita, inda mata ke dariya, maza na ɗaure fuska.

Ran nan wata uwa ta zo da jaririyarta, jiki zafi rau. Na'ura ta dubi fuskar uwar a ɗaure ta ce, "Namiji ne, koma!"

Uwa ta ƙara haɗe rai. Na'ura ta ce, "Namiji ne, koma!"

Gwani, da ke tsaye a gefe, ya ce, "Baiwar Allah, yi murmushi mana, za ta buɗe."

Ta harzuƙa. "Malam, taɓa jikin 'yar nan, sannan kai ka yi murmushin in gani!"

Ya taɓa, murmushi ya gagara. Sai ya buɗe mata ƙofar da hannunsa.